Shekarar da Aka Cire Sunan Mukhtar

Mukhtar ya rasu.

Da safen nan ina shirin fita ofis ƙanin matarsa ya kira ni. Wai bayan sallar asuba ya ce kansa na sara, ya zauna a bakin gado, shi ke nan. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu takalmi ɗaya ne a ƙafata, na kasa tashi daga inda nake.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Mukhtar abokin aikina ne a ma'aikata, teburinsa na kallon nawa. Dukanmu a Nyanya muke zaune, tare muke shan gosulo safe da yamma. In ya riga ni zuwa tasha sai ya ɗora jakarsa a kujerar kusa da shi, ya yi ta rigima da kwandasta har in iso.

An fi saninsa da Mukhtar Mai Jini. Wani gurup ya buɗe a waya: in mara lafiya na buƙatar jini a asibiti sai a sanar, shi kuma ya nemo mai bayarwa. Kyauta, ko sisi ba a biya.

Ranar da matata ta haihu ta zubar da jini, ni kuka kawai nake a baranda kamar ƙaramin yaro. Sai ga Mukhtar da wasu kanikawa biyu daga Apo, rigunansu duk baƙin mai. Ban taɓa ganinsu ba. Suka ba da jini, ya saya musu malt da madara, ya mayar da su gareji. Da na fara godiya cewa ya yi, "Kabiru, share majina tukuna, kana ba mu kunya."

Haka yake. Ba ya iya karɓar godiya.

To, wata shekara wani shafi a intanet ya fitar da jerin matasan Arewa masu faɗa a ji a Abuja. Sai ga mutumina a lamba ta bakwai, tsakanin wani ɗan kasuwa da ɗiyar wani babba. Mun sha dariya ranar. Na ce yau kai za ka biya kuɗin mota, ba na shiga bas da mai faɗa a ji kuma in biya wa kaina.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi amfani. Likitocin da a da ba sa ɗaukar wayarsa suka fara kiransa da kansu. Gurup ya cika har aka buɗe na biyu. Masu ba da jini suka ɓullo daga Kubwa, daga Lugbe, Musulmi da Kirista. Akwai mutanen da ke yawo a garin nan da ransu albarkacin wannan jerin, bayan ikon Allah. Wannan na shaida.

Amma wahalar da ta biyo baya ba a rubuta ta a shafin ba.

Kowa ya ɗauka Mukhtar na cin abinci da ministoci. Masu neman aiki suka riƙa tare shi a ƙofar masallaci da takardu. In ya ce wallahi ba shi da hanya, sai a ce ya fara girman kai. Oganmu kuwa in Mukhtar ya gaishe shi sai ya ce, "A'a, masu faɗa a ji, ai mu ne da gaisuwa." Da murmushi yake faɗa, amma duk ofis mun san ba wasa ba ne.

Da shekara ta zagayo masu shafin suka sake salo. Yanzu ƙuri'a ake kaɗawa, kuma kowace ƙuri'a saye ake. Suka kira shi, wai ya tura wa mutanensa su zaɓe shi. Ni kaina na ce masa tura kawai a wuce wurin. Ya dube ni ya ce, "Mutumin da ya ba ni jinin jikinsa kyauta, shi zan ce ya saya mini ƙuri'a?"

Bai tura ba. Jeri ya fito, babu sunansa.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma mu ba ma ganin an cire mutum mu yi shiru. "Me ya yi aka cire shi?" "Ruwa ba ya tsami banza." Sai wani mara suna mara hoto ya rubuta a ƙasan jerin cewa ai dama sayar da jinin yake yi. Layi ɗaya. Kafin a ce kwabo ya zaga gari, har da masu cewa wani nas ne ya gaya wa ƙaninsu.

Na ga abin da idona. Yana zaune a teburinsa da waya a hannu, yana kallon gurup: wane ya fita, wane ya fita, wance ta fita. Mutanen da ya tsaya wa iyayensu. Ya roƙi masu shafin su fito su faɗi dalilin cire shi, suka ce su ba sa shiga rigimar mutane.

Daga nan hawan jini ya kama shi. Ya rame, ya rage magana. Amma bai daina ba. In aka nemi jini ba a samu ba, shi yake bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana kira, yana rantsuwa kamar wanda aka kama da sata.

Ranar Alhamis muka yi rabuwar ƙarshe, a bas. Gosulo ya riƙe mu wajen gada, ya miƙa hannu ta taga ya sayi gasasshiyar masara, ya karya ya ba ni babban ɓangaren. Na ce ka sha maganinka kuwa? Ya ce ya sha. Can ya ce, "Kabiru, da ba su ɗora ni ba, ba wanda zai ce na faɗo." Na ce rabu da su, Allah ya san gaskiya. Ya ce, "Allah ya sani. Amma mai naƙuda mutane take jira."

Na ci masarata.

Ɗazu na ga shafin nan sun saka hotonsa, wai sun yi rashin ɗaya daga cikin gwarazansu. Kuma ga mutane a ƙasa suna ta zuba yabo, har da sunayen da na gane. Wallahi zuciyata tafasa take. Yabon nan da kun ba shi rabinsa yana da rai, da ya yi barci mai daɗi ko da na mako guda ne. Yanzu me zai yi da shi?

Ni na fid da rai da mu. Ba mu san mutum ba sai wani shafi ya ba shi lamba, in an karɓe lambar mu bi shi da duwatsu. Gobe ma haka za mu yi wa wani.

Ina cikin rubuta wannan saƙo ya shigo gurup. Wani bawan Allah ne daga Karu, matarsa na ɗakin haihuwa, ana neman jini da gaggawa. Bai ji labari ba. Ya rubuta, "Oga Mukhtar don Allah ka taimaka." Mutane sun karanta. Ba wanda ya amsa.

Za a yi jana'iza bayan azahar a masallacin unguwarsu. Ya bar mata da yara ƙanana.

Ya Allah, kai ka san abin da bawanka Mukhtar ya yi da abin da bai yi ba. Ka wanke shi a gabanka tunda mu mun kasa. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa kowane ɗigon jinin da ya nemo wa wani ya zame masa nauyi a mizani. Ka rufa wa iyalinsa asiri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ko ka taɓa faɗin magana a kansa ko ba ka taɓa ba. Ku haɗa da matar nan ta Karu, har yanzu tana jira.