Takardar Cikin Gwangwanin Shayi

A sati na biyu da fara yaƙi, ƙasashe suka shiga kwashe mutanensu daga Khartum. Daga tsakar gidanmu a unguwar Alshajara muna jin jirage, ba ma iya rarrabe na ɗaukar mutane da na zubo wuta. A lokacin Malam, maigidana, ya kwana tara ba a yi masa wankin ƙoda ba. Asibitinsa a Umdurman yake, ƙetaren kogi, gada kuma ba a iya haye ta. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga.

Sai maƙwabciyata ta ce ta ji Najeriya ta turo motoci, suna bakin wata jami'a, za su kai mutanenta iyakar Masar. Na ce a raina, ai mu ke nan. Tun ina yarinya 'yan Najeriya ake kiranmu, a kasuwa, a layin burodi, har a ajin manya inda na koyi riƙe alƙalami.

Na buɗe gwangwanin shayi na ɗauko takardar kakan Malam. Da ita ya baro Katsina a ƙafa zai je hajji, aikin auduga ya tsare shi a yankin Jazira, nan Sudan, bai ƙarasa ba, bai koma ba. Na shimfiɗa wa Malam bargo a keken jaki muka tafi.

Mai riƙe da jerin sunaye ya gaishe ni da Hausa, irin wadda tsofaffinmu suke yi, sai hankalina ya kwanta. Ya nemi fasfo, na miƙa masa takardar. Da hannu biyu ya buɗe ta don kada ta yage. Ya tambayi inda aka haife mu, na ce Jazira, mu duka.

"Mama, gwamnatin da ta buga hatimin nan ta daɗe da tafiya. Ko na saka ku, a iyaka za a sauke ku."

"Ɗana, ba ni ba. Shi kaɗai. Ko a ƙasa ne, tsakanin kujeru."

Ya daɗe yana kallon ƙafafun Malam. Ya ce gwamnatoci biyu ne suka daidaita a kan sunaye, kuma jerin ya riga motocin isa can. Ya ninke takardar yadda ya same ta, ya haɗa mini da gorar ruwa. Ban gaya masa likita ya hana Malam yawan shan ruwa ba. Na yi godiya.

A hanyar komawa Malam ya ce, "To Hajiya, yau dai an tabbatar mu 'yan Sudan ne. Sai ki sanar da mai burodi."

Kwana shida ya ƙara. Maza huɗu ne kawai suka samu fita kai shi makwancinsa, saboda harbi.

Takardar na mayar da ita gwangwani. Ta ƙara tsagewa kaɗan a wurin ninki, na manne ta da ƙullun fulawa.