Zanen Takobin Mahaifina

Shekarun baya can, ana gab da samun mulkin kai, mahaifina ya rasu a Kurfi ya bar ni ni kaɗai, 'ya mace. Maƙeri ne, amma adon takobi ne ya yi masa suna. Yakan shafe ƙarfen da kakin zuma, ya yi zane da tsinin allura, sannan ya ɗiga ruwan batir da wani direba ke kawo masa daga Dutsin-Ma. Ruwan ya ci duk inda allura ta bi. In aka kankare kakin, sai ka ga zane ya zauna daram. A gabana ya zana takobinsa na ƙarshe, reshen dabino da sawun barewa.

Bayan sadakar arba'in, ƙanensa ya zo kwasar kayan maƙera. A al'adarmu wannan rabon maza ne. Ana cikin kwasa, sai na ga ya ɗauki takobin.

"Baffa, wanga dai a bar mani shi."

"Mi ɗiya mace za ta yi da takobi? Tuwo za ki yanka?"

Aka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haɗiye. Na roƙa a bar mini shi zuwa la'asar in goge.

Gugar da na yi ke nan: na kwaɓa baƙin tukunya da man gyaɗa, na cusa cikin zanen, na share saman ƙarfen fes. Na shimfiɗa farin ƙyalle mai laima a kan ƙarfen, na yi ta murzawa da gindin kwalba. Na farko ya fito kamar kaza ta taka tawada, ni kuma fuskata ta fi tukunyar baƙi. Na sake, na kuma sakewa. Can da na ɗaga ƙyallen, sai ga dabino, ga barewa, har da wurin da hannun mahaifina ya ɗan yi karkarwa. Na zauna na sha kukana.

Baffa ya shigo ya gani, ya ce wannan ai sata ce.

"Ƙarhen naku ne," na ce. "Hannun ubana kuwa ba wanda ya gada sai ni."

Shekara ba ta zagayo ba ya sayar wa wani bafatake da takobin. Da 'ya'yansa suka girma suka so yin irin zanen, aka nemi mai tuna shi aka rasa. Ran nan sai ga Baffa da sallama, yana kame-kame, wai ko zan ara musu ƙyallen.

Na buɗe shi a kan cinyata.

"Baffa, a kalla daga nan."

Mutane sun ce na cika riƙo. Wataƙila. Amma yau ga ni da furfura, na juya maganar ta kowane ɓangare, ban ga inda zan yi nadama ba. Tsawon ran Baffa, duk mai son ganin aikin mahaifina, sai ya cire takalmi a ƙofar ɗakin 'ya mace.