Motar Kawu Haladu Ta Daina Tsayawa

Kawu Haladu ba ɗan'uwanmu ba ne. Ɗakin bakin zaure yake haya a gidanmu na unguwar Ali Kazaure a Jos tun ina firamare, shi ya sa muke ce masa kawu. Matarsa Madina ta rasu kafin in yi wayo. Ɗansu ɗaya, Jabir, ya bi waɗanda suka bar Jos bayan rikicin 2001, ya zauna a Bauchi, sai da salla yake aiko da gaisuwa. Kawu dogo ne mai ɗan doro, idan ya yi sallama sai ka kasa kunne kafin ka ji. Ba ya zama a majalisar ƙofar gida. In an matsa masa ya ɗan tsuguna, ya ce "haka ne," ya tashi.

Abin da ya mallaka a duniya tsohuwar Landiroba ce koriya, wadda ta yi wa kamfanin kuza aiki tun ba a haife ni ba. Da ita yake kai mata 'yan sari Rafin Kuza kowace Talata, wani ƙauye can ƙasan duwatsu da ba direban da ke yarda ya kai motarsa. Su sayo dankalin Turawa da kabeji da karas, ya dawo da su Terminus, wajen kasuwa a cikin gari. Gwaggona Balaraba tana cikinsu. Tun da babbar kasuwa ta ƙone ta koma kasa kaya a bakin titi, kuma a shekarar da jami'a ta yi dogon yajin aiki ni nake binta ina taya ta ɗaure buhu. A nan na san Hawan Linus.

Hawa ne mai tsawo da lanƙwasa, duk tsakuwa da jan laka. An ce sunan wani direban kamfani ne da motarsa ta mutu a wurin. Da safe gangarawa ake yi, ba wata wahala. Da yamma kuwa, mota cike da buhuna, Landiroba ba ta iya hawansa da mutane a ciki. Don haka akwai tsari da kowa ya sani. A gindin hawan, kusa da rafi, Kawu zai kashe mota ya ɗaga bonet. Mata su sauka, su sayi abin taɓawa, su kama 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa ta cikin shingen ƙerana. Shi kuma ya jira injin ya huce, ya ƙara ruwa, sannan ya hau da kaya kaɗai ya same su a sama.

Wurin jiran nasa rumfar Mariya ce. Mace ce 'yar ƙauyen, mijinta ya mutu a ramin kuza, ta kusa hamsin, tana da wushirya da babbar murya. Ranar kasuwa take fito da kunun tamba da dafaffen dankali da yaji. Masu sayenta mu ne, sai ɗaiɗaikun manoma.

Wata Talata sabon takalmi ya ji mini ciwo a dunduniya, Gwaggo ta ce in zauna in hau da Kawu. Na raɓe a bayan rumfar ina cin dankali.

"Oga direba," in ji Mariya, "tsohon ka ya gaji kuma?" Motar take nufi. Hausarta irin ta mutanen wurin ce, komai namiji ne.

"Ya gaji, Mariya."

"Kai fa?"

"Ni na fi shi ƙarfi."

"Ƙarya! Shi ko tari ya yi ana ji. Kai sai an sa kunne a bakin ka."

Sai na ji Kawu Haladu ya yi dariya. Na bar cin dankalin. Tunda nake ban taɓa jin dariyarsa ba, wata irin dariya ce mai shaƙewa kamar ta wanda ya manta yadda ake yi. Ya zauna a bencinta, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya shiga magana. Ya ba ta labarin Baturen da ya koya masa tuƙi, wanda ke zagin mota da Hausa. Ya gaya mata Jabir ya yi aure bai gaya masa ba sai bayan an ɗaura. Ita kuma ta kawo ƙarar akuyar maƙwabcinta da ciwon gwiwarta. Ta ɗebo masa ruwan lagireto a tulunta, ta tsaya tana faɗa masa ya zuba a hankali, kamar ita ce makanikiyar. Injin ya daɗe da hucewa kafin ya tashi.

 A hanya na gane cewa maganar da yake tarawa mako guda a ɗakin bakin zaure, a gindin hawan nan yake sauke ta.

Da damina ta yi tsakiya abin ya faru. Ban je ba ranar, Gwaggo ce ta ba mu labari. An kawo wata yarinya mai naƙuda daga ƙauyen, haihuwa ta gagara, ana so a kai ta asibiti. Aka sauke buhuna duka a cikin ruwan sama, aka kwantar da ita a baya. Motar ta kai rabin hawa ta shaƙe, ta dawo da baya. Aka sake, ta sake shaƙewa. Ƙarshe a kan ƙyauren ƙofa maza suka ɗauke ta, ta haihu a wata bukkar gona a sama. Allah ya kiyaye, ita da jaririn suka rayu. Amma Mariya ta fuskanci Kawu a gaban kowa, zaninta sharkaf.

"Kullum ya gaji, ya gaji! Muna dariya. Wata rana mutum zai mutu a dutsen nan, ka ga ko za mu yi dariya."

 Gwaggo ta ce shi kaɗai ya mayar da buhunan.

Washegari ya kai motar unguwar Dilimi wurin Fatai, Bayeraben makanike haifaffen Jos da ya fi mu iya zagi da Hausa. Garejinsa na kan hanyar da nake bi, don haka na ga aikin kaɗan-kaɗan. Ranar farko na tarar yana yi wa Kawu bayani da sifana a hannu.

"Baba Landi, motarka ba ƙarfi ta rasa ba, numfashi ta rasa. Jos sama take, iskarmu ba ta da kauri. Injin nan kamar mai asma ne aka ce ya hau bene da buhu a kai. Abin da za mu yi, mu ɗura masa iska dole."

Ya jawo wani ƙarfe mai kama da ƙaton dodon koɗi, ya ce daga wata Marsandi da ta yi haɗari aka ciro. Sufacaja ne sunansa, amma su bulowa suke cewa. Bel ke juya shi daga injin, shi kuma ya tura iska ciki da ƙarfi.

"Zai hau da mutane?" Kawu ya tambaya.

"Zai hau da mutane da kakanninsu. Amma ka ji da kyau, kada gobe ka ce Fatai ya cuce ka. Zai sha mai kamar ɗan giya. Kuma tsoho ne ka ba shi maganin ƙarfi, ka san ba zai yi tsawon rai ba."

"A sa."

Aikin ya ci makonni. Babu mazaunin da ya dace, sai da mai walda ya ƙera. Bel ɗin farko ya tsinke, na biyu ya riƙa zamewa. Aka sauya lagireto da babba, aka yi ta wasa da kafireta, aka yanke bonet aka yi masa ƙusumbi don abin ya samu wuri. Keken ɗinkin marigayiya Madina, da ke lulluɓe a ɗakinsa tun rasuwarta, na ga an fita da shi a baro. Matan sari suka yi ta mita suna sayen kaya da tsada a kasuwar Farin Gada. Kawu kuwa yana zaune kan tsohuwar taya a garejin daga safe har la'asar. Bai aika wa kowa saƙo a Rafin Kuza ba.

Talatar gwaji Fatai ya biyo mu, ya zauna gaba. Da muka doso rafin da yamma, mata sun fara tattara zannuwa za su sauka, sai ya daka tsawa.

"Kowa ya zauna! Baba, kada ka tsaya. Daga ruwan nan za ka ɗauko gudu. Taka!"

Na ga ƙafar Kawu ta yi jinkiri kaɗan, sannan ya taka. Wani siririn kuka ya taso daga ƙarƙashin bonet, kamar usur, motar ta zabura. Ta tagar baya na hango Mariya. Ta jera kofuna a kan tebur, tana tsaye da ludayi a hannu, bakinta a buɗe. Kawu ya danna hon. Ta ɗaga ludayin. Lanƙwasa ta ɓoye ta.

Muka hau har sama ba ko tari. Mata suka rangaɗa guɗa, Gwaggo ta ce gwiwoyinta sun gode, Fatai ya leƙa ta taga yana yi wa duwatsu kirari. Kawu ma ya yi murmushi. Ina jin a ransa yana cewa mako mai zuwa zai tsaya ya nuna mata.

Mako mai zuwa ya rage gudu a rafin.

"Malam Haladu, lafiya?" in ji Gwaggo. "Mu tafi mana, masu saye na jira. Yau da sauran rana za mu isa."

"Zan duba ruwa."

Ya sauka ya ɗaga bonet. Ba wadda ta sauka, don ba dalili. Mata goma sha wani abu suka zuba masa ido ta taga. Mariya ta zo da tulunta, ta leƙa injin.

"Oga direba, ka yi ƙoƙari. Allah ya biya ka. Shi ne wannan mai kuka?"

"Shi ne."

"To ai ruwan ka cike yake."

"Haka ne," in ji Kawu. Ya kalli bencin, ya kalli motar. Wata daga ciki ta ce, "Direba, ko kunun ne bai sake ka ba?" aka kwashe da dariya. Ya rufe bonet.

Ya sake gwadawa sau da yawa. Yau taya, gobe bel. Kowane tsayi gajere ne, a tsaye, a gaban idon mutane, kuma shi ba mutumin da zai ce "ku jira ni, hira zan yi" ba ne. Balle da macen da ba addininsu ɗaya ba, kuma bayan rikici, lokacin da ake ƙirga wanda ya gaisa da wanda. Da safe kuwa in za a gangara, Mariya ba ta fito ba tukuna. Matan ma da ba sa tafiyar ƙafa sun daina jin yunwa a wurin. Tukunyar kunun ta koma ƙarama. Daga baya dankalin kaɗai take kawowa. Bayan an koma makaranta na daina bin su, sai Gwaggo ce ta ce mini, a cikin wata maganar daban, ai rumfar nan ta gindin hawa ta faɗi, wani manomi mai suna Chuwang ya ce mai ita ta koma wurin 'yarta a bakin babban titi, inda tireloli ke tsayawa.

Wata Lahadi Kawu ya yi sallama da mahaifina, ya ce zai je duba taya a wajen gari, ko ni Rahma zan raka shi in sha iska. Baba ya yi mamaki, ya ce in je. Kawu ya sa farar riga da ban san yana da ita ba.

Mun sami Mariya a bakin babban titi. Rumfar kwano ce babba, da tebura, da rediyo, direbobi cike suna cin tuwo suna ihu. Ta yi ƙiba kaɗan. Da ta gan shi ta tafa hannu.

"Oga direba! Kai ne? Yaya tsoho, yana hawa?"

"Yana hawa."

"Ka gani! Matan mu suna sa maka albarka. Ran nan ma an ce ka kai matar Robert na ƙauyen mu asibiti. Zauna, zauna, bari in zo."

Babu wurin zama. Wani ya ƙwala mata kira a kawo miya, wani ya ce canjinsa. Ta miƙo mana kunu a kofin roba ta wuce. Muka sha a tsaye kusa da wata tirela. Ta gifta mu ta ce tana zuwa, ta sake giftawa da faranti a kowane hannu. Kawu ya riƙe hularsa. Da kofinsa ya ƙare ya ajiye a gefen tebur a hankali.

"Mu je, 'yata. Tana da aiki."

Ba mu duba wata taya ba.

Bayan shekara biyu injin ya fara hayaƙi, kamar yadda aka faɗa. Na biyo ta Dilimi na tarar da Kawu a garejin, Fatai ya shiga ƙarƙashin bonet rabin jiki.

"Baba Landi, gaskiya ɗaya ce. In na cire bulowar nan, tsohuwarka za ta ƙara shekaru. Ka koma yadda kake da, ka sauke mata a gindi, ka huta, su taka. In na bar ta, ban ba ka damina biyu ba. Bel ɗaya ne, yanzu in zare shi."

Kawu ya kalli injin.

"A huta a wurin wa?" ya ce, can ƙasa. Ban tabbata Fatai ya ji ba.

"Me ka ce?"

"Na ce bar shi. Akwai masu ciki a ƙauyen."

Fatai ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da ɗauri. Da ya gama ya wanke hannu da fetur, ya shiga sallamar wani mai Fijo. Kawu bai tashi ba. Na gaishe shi ya amsa, na wuce. Da na waiwaya daga bakin titi yana nan kan tayar, makulli a hannu, motar a gyare.