Babur ɗin Nasiru daga Turba zuwa Isa

Har yau ban manta da ranar da aka tura ni Turba ba, lokacin da ake rajistar katin zaɓe. Ina mataimakin jami'in wayar da kai a ƙaramar hukuma. Aikinmu shi ne mu shiga ƙauyuka da lasifika, mu shaida wa waɗanda suka cika shekara goma sha takwas cewa su je Isa a ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu, don sai da katin nan ake jefa ƙuri'a. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, ku saurara.

Na tarar da samari a bakin kasuwa, manoma a gefe guda, makiyaya can nesa kusa da turken awaki. Tun da hare-hare suka yi yawa a yankin, ɓangarorin biyu ba su cika zama tare ba. Na gama jawabina. Ina naɗe wayar lasifika, wani saurayi makiyayi mai suna Buba ya matso.

Ya ce, "Malam, ni ina son katin ga. Ina son in zaɓi wanda zai gyara muna burtalin shanu. Amma in na kama hanyar Isa da sandata, wa zai yarda ni ba ɗan bindiga ba ne? Ko shingen farko ba ni wucewa."

A ofis an koya mana yadda za mu shawo kan mai cewa ƙuri'a ba ta da amfani, amma ba a koya mana abin da za mu faɗa wa mai tsoron hanya ba.

Sai wani ɗan kabu-kabu, Nasiru, ya tashi daga kan babur ɗinsa. Daga baya na ji cewa a harin bara aka kashe yayansa a gona. Ya dubi Buba ya ce, "Ba kai ne ɗan Arɗo da ke kawo muna taki ba? Gobe ka zo, ni za ni kai ka."

Abokansa suka fara gunaguni. Ya ce musu, "Wanda ya kashe yayana ba shi neman kati."

Na koma na shaida wa shugabana, na ce ina son in raka su. Ya ce, "Rakiya ba aikinmu ba ce." Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka tare yaran ga a hanya, mu muka kira su." Sai ya ce in je, amma in sa rigar aiki.

Washegari na bi su Nasiru a baya. Ashe abokansa sun sake shawara, babura sun fi yadda na zata, kusan kowane manomi da makiyayi a bayansa. A shingen 'yan sa-kai aka tsayar da mu, aka ce Fulanin su sauka gefe. Na fara yi musu bayani. Nasiru ya kashe babur ya ce, "In za ku riƙe shi, ku riƙe ni. Tare muka taso, tare za mu koma." Sauran ma suka kashe nasu. Babban 'yan sa-kan ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗage igiyar da ta tare hanya.

Da aka ɗauki hoton Buba, ya fito yana goge yatsunsa a riga yana dariya. Ranar zaɓe kuwa na gan su a layi ɗaya, suna gardama, don ashe ba ɗan takara guda suke so ba.

Ni aka yaba wa a ofis, alhali abin da na yi bai wuce bin su a baya ba. Kullum ina gode wa Allah da ya haɗa ni da yaran nan. Tun daga lokacin na daina cewa matasa ba su damu da zaɓe ba. In na je gari, kafin in kunna lasifika, sai na zauna na tambaye su abin da ya tare musu hanya. Ku ma ku riƙa tambaya.