Ranar da Kaka Ta Mayar da Ƙanena Kan Ruwa

Duk abin da zan manta na zamanmu a Yelwa ta ƙasar Yawuri, ban da ranar da kakarmu ta sa ƙanena ya tuƙa ta zuwa gungu, wato tsibirin da ke tsakiyar ruwa. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ni sabuwar malamar firamare, shi kuma saurayi ne da gemu bai fito masa ba.

A daminar da ta gabaci wannan rana iska ta kife jirginsu shi da amininsa, suna dawowa daga kamun kifi. Shi ya fita, aminin bai fita ba. Tun daga nan ya daina zuwa bakin ruwa, ya koma tasha. Ya fara da wiwi, ya ƙara da ƙwaya. Aka riƙa ganinsa a ɗakunan mata masu zaman kansu, har ya kwaso ciwon sanyi aka kai shi asibiti a ɓoye. Baba ya yi duka, Inna ta yi kuka, an ba shi rubutu ya sha. Yanzu da na girma nake lura cewa duk cikinmu ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya gani a ruwan nan.

Kaka kuwa 'yar Gungawa ce, gajera mai baki, kuma mijinta take kiransa saboda wasan jika. Wata safiya ta iso da ƙwaryar suna a ka, ta ce ana biki a gungu, ni in raka ta, mijinta ya tuƙa. Ta ja shi har bakin ruwa, ta shige kwalekwale ta miƙe ƙafa. Masu jirgin inji suka yi ta kiranta, ta ƙi.

Ya ce, "Kaka, ba ni iyawa."

Ta ce, "To nan zan wuni rana ta gasa ni, duk Yawuri ta ji irin mijin da nika aure."

Mata masu shanyar kifi suka fashe da dariya. Kunya ta sa ya shiga. Ni ma na shiga, ya ɗauki filafilin tuƙi, gumi yana zuba masa da sanyin safiya.

Da muka yi nisa, Kaka ta ce ya dakata. Ta nuna ruwan da yatsa.

"Garinmu na ƙarƙashin nan, har kabarin innata. Da anka gina dam anka tsare ruwa anka tashe mu, na daɗe ko kallon tafkin ga ban yi, kuma ba wanda ya tambaye ni mi ka damuna. To ni ina tambayarka. Mi ka gani rannan?"

Ya ajiye filafilin. Sannan ya ce ya riƙe hannun amininsa, da numfashinsa ya ƙare sai ya saki. Ya ce in bai sha wani abu ba, hannun nan yake ji cikin nasa. Ya yi kuka sosai, Kaka ba ta hana shi ba. Da ya lafa ta ce, "Kai ma yaro ne, ruwan ya fi ƙarfinku duka. Tuƙa mu."

Abin da ba ta faɗa mana ba shi ne mahaifiyar mamacin tana gidan sunan. Yana hango ta a gaɓa ya so ya juya. Matar nan ta shigo ruwa har gwiwa da zanen bikinta, ta kama gaban jirgin.

Ta ce, "Ɗana, ina ka shige? Na rasa guda, kai kuma ka hana ni ganin gudan."

Ita ta fito da shi da hannunta, ta zaunar da shi kusa da ita, ta tura masa tuwon shinkafa da miyar kifi. Ya cinye, ta ƙara masa. Da makaɗa suka fara, Kaka ta shiga fili tana rawa tana shelar cewa mijinta ya fi matuƙan inji, duk da ya kusa sa ta amai. Nan na ji dariyar ƙanena, wadda na ɗauka ta tafi ke nan. A hanyar dawowa har waƙar masunta ya ja, muna amsawa.

Ba zan ce ya warke a ranar ba. Ya koma tasha, ya dawo, ya sake zamewa. Amma duk lokacin da abin ya taso masa, ya san gidaje biyu da zai je ya yi magana. A hankali ya bari. Yau shi ke da jirgin dakon albasa, yana aurar da 'ya'ya.

Abin da na koya shi ne, idan yaro ya lalace farat ɗaya, kafin a ɗauki bulala a zauna a tambaye shi abin da ya same shi, kuma a yi haƙurin jin amsar.