Jatau Ya Sauko Daga Katanga

Duk wanda ya saba bin layin masu walda a Tudun Wada ya san tiren Inna Hajo. Tun kafin a zuba wa layin kwalta take zama a ƙofar gidanta da busasshiyar tarwaɗa, tana korar ƙuda da mafici. Mace ce marar yawan magana. Mijinta Isiyaku, direban tifa, ya rasu ya bar mata gida ɗan ƙarami, da 'ya ɗaya, da muzuru.

Muzurun shi ne Jatau. Isiyaku ne ya tsinto shi a gareji yana ɗan mitsitsi, ya kawo shi gida cikin hularsa a daminar da ya kwanta ciwon ajali. Ja ne, da ɗigon fari a ƙirji. Da ya girma sai ya zama ɗan yawo. Yakan ɓace kwana da kwanaki, ya dawo da kunne a yage, haƙarƙari a waje, ko kifi ba ya kallo. Ya fesa wa kowace kusurwar katanga fitsari mai warin da ba ya wankuwa. Rabin 'ya'yan magen unguwar jajaye ne, kowa kuma ya san dalili.

Bayan katangar nan gidan surukinta ne, Gwadabe mai walda, mijin 'yarta Juwairiyya. Rariya ɗaya ce ta haɗa gidajen biyu, ruwan wankin Hajo ta nan yake bi ya fita kwata. Amma magana ba ta bin wannan hanya. Juwairiyya 'yar fari ce, Hajo ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce “waccan”. Gwadabe kuwa daga nesa yake durƙusawa ya gaishe ta, ita ta amsa tana kallon gefe. Shekaru suna tafiya a haka, babu wanda ya ga aibu a ciki.

Gwadabe yana kiwon tantabaru. Ya jera musu gwangwanaye a ƙarƙashin kwano, ya san kowace da kamanninta. Mutum ne mai ladabi, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya faɗin abin da zai yi. An taɓa yin wani kare da ya matsa wa layin, Gwadabe bai ce da kowa komai ba, aka dai wayi gari babu karen.

Wata ranar Laraba Juwairiyya ta shigo, ta tsuguna a bakin ƙofa, ta gaida uwarta.

“Wai ya ce a gaishe ki.”

“Ina amsawa.”

“Wai 'yan shila ne ake ta ɗaukewa.” Ta murza bakin zanenta. “Ya ce shi ba ya son abin da zai taɓa zumunci.”

Hajo ta ce, “To.” Ta tuna da karen nan.

Wadda ta kawo shawara ita ce Chinwe, maƙwabciyarta mai shagon kayan masarufi, haifaffiyar Zariya da Hausa ta zauna a bakinta daram.

“Inna Hajo, wannan angon naki ai sai an yi masa ritaya,” in ji ta. “A kai shi a fiɗiye shi.”

“Maman Zimuzo, ki ji tsoron Allah! Bunsuru ne?”

“Bunsuru ya fi shi kamun kai. Ni na ga an yi wa na ƙanwata a Kwangila. Yanzu ko ƙofa aka buɗe masa sai ya yi hamma.”

Hajo ta rufe baki da mayafi tana dariya, amma ta tambayi liman ta hanyar matarsa, aka ce in don kare cuta ne ba laifi. Suka sa Jatau a kwando, suka ɗaure da tsumma, suka hau keke mai ƙafa uku. Likitan dabbobin ya yi aikin kafin azahar. Ya gargaɗe su cewa halin ba zai bar shi rana ɗaya ba, sai an ɗauki makonni. Yawo zai ragu, faɗa zai ragu, warin fitsarin zai dushe. Ci kuwa zai ƙaru, a kula kada ya yi ƙiba.

A hanyar dawowa Chinwe ta ce, “Sai ki gaya wa Malam Gwadabe, hankalinsa ya kwanta.”

Hajo ta dube ta kamar ta ce ta tuɓe a kasuwa. Da wane baki? Ta ce wa mijin 'yarta an cire wa muzuru me? Ko ta faɗa wa waccan, 'yar farin da ko sunanta ba ta kamawa? Ta ce a ranta aikin zai faɗi kansa. Ta kuma roƙi Chinwe kada ta baza maganar.

Aikin ya faɗi kansa, amma a cikin gida kawai. Da farko Jatau ya ci gaba da hawa katanga, sai dai ya zauna can yana dube-dube kamar wanda ya manta abin da ya kai shi. Daga baya ya daina hawa. Mage ta yi kuka a bayan gida, ya ɗaga kunne ɗaya ya mayar. Raunukansa suka warke, gashinsa ya kwanta, kumatunsa suka cika, ciki ya sauko. Ya koma bin Hajo daga madafa zuwa ƙofa yana goga mata kai. Shi da a da yake ƙin abinci, yanzu duk abin da ya faɗi ƙasa nasa ne: ƙaya, ƙanzo, har takardar da aka naɗe kifi. Sauran lokacin barci yake yi, barci mai nauyi, ƙafafu a miƙe.

Damina ta wanke katangar. Hajo ta ji daɗin rashin warin. Ba ta san warin nan ne yake gaya wa sauran muzuran unguwa cewa wurin yana da mai shi ba.

Sai aka sake fara ɗauke 'yan shila.

Wannan karon babu saƙo. Gwadabe ya gaishe ta da safe, ya ma fi kullum daɗewa a durƙushe. Da hantsi Juwairiyya ta shigo ta ce a ba ta kawunan kifi, na miya. Ba ta taɓa neman kai ba, tsoka take ɗauka. Hajo ta ƙulla mata, yarinyar ta karɓa da hannu biyu ba ta ɗago ba. Bayan azahar Chinwe ta tsallako, babu wasa a fuskarta.

“Inna, ɓeraye sun dami surukinki ne? Na ga ya tsayar da mai tallar shinkafar ɓera.”

Hajo ta bar tiren ta shiga gida. Jatau yana kwance a gindin randa. Ta ɗaga ido, sai ga Jatau a kan katanga: ja, da ɗigon fari a ƙirji, siriri, wuya a kumbure, gashin tsuntsu a gefen baki. Ta dubi na ƙasa, ta dubi na sama. Ɗansa ne. Ya kalle ta ba tsoro, ya dira ta gidan Gwadabe.

Ta yafa mayafi, ta sungumi Jatau, ta fita. Nauyinsa har ya sa ta haki. A bakin shagon walda maza suna zaune kan benci ana jiran la'asar. Gwadabe ya ajiye ƙarfen hannunsa ya durƙusa.

“Malam,” ta ce. Ba ta taɓa fara yi masa magana ba. “Wannan ba ya hawa katanga. An fiɗiye shi tun kafin ruwa ya sauka. Ka duba.”

Ta juya muzurun ta ɗaga jelarsa. Wani dattijo ya yi tari, wani ya miƙe ya ce bari ya yi alwala. Gwadabe bai ɗago kai ba.

“Allah ya huci zuciyarki, Inna. Da na sani…”

“A ina ka ajiye?”

Ya tashi da sauri ya nufi gida. Da ya dawo yana riƙe da ledar kawunan kifin da ya sa wa maganin ɓera. Ya kwaso na kan kwano, ya kwaso na bayan gwangwanaye. Na bakin rariya ne babu.

Hajo ta koma gida ta zauna a kan tabarma da Jatau a cinyarta. Tun hantsi shi kaɗai ne a tsakar gida, ga ƙamshin kifinta yana shigowa ta ramin. Barci yake yi. Ta girgiza shi, ya buɗe ido ya rufe. A da, in ya kwanta haka da rana ta san ba lafiya. Yanzu haka yake kullum. Chinwe ta buɗe bakinsa ta duba, ta shinshina, ta ce ita dai ba ta ga komai ba. Likitan ya ce ta waya a sa ido, in ya fara amai ko dalala a kawo shi da gudu. Aka kira magariba, Hajo ta yi salla hannunta na komawa kan cikinsa tsakanin sallama da addu'a.

Da gari ya waye, kukansa ne ya tashe ta. Yana tsaye a bakin madafa yana neman abinci.

Ɗan nasa kuwa masu shara suka gan shi a cikin kwata, a sandare. Hajo ta je ta tsuguna a bakin rariya. A gefen ramin, ta ɓangarenta, akwai jan gashi manne da siminti, da sawun farce a ƙasa. Jatau ya gwada. Kai ya shiga, ciki ya hana.

Ta nemo bulo ta toshe ramin, ta koma zubar da ruwan wanki a waje. Gwadabe ya aiko da 'yan shila biyu a soye, ta raba wa maƙwabta. Juwairiyya ta ce sauran maganin yana nan a shago, bai zubar ba, wai ko za a buƙata.

Yanzu Inna Hajo tana zama da tirenta, Jatau a ƙarƙashin kujera, ta ɗaura masa shuɗin ƙyalle a wuya don kowa ya shaida shi. Ta rage masa abinci kamar yadda likita ya ce, har ya fara saɓewa. Takan auna faɗin cikinsa da tafin hannu, ta tuna faɗin ramin. Ran nan da yamma ta shiga ɗauko mafici, ta tarar da wani jan kai ya leƙo ta saman katanga, yana shinshina inda warin yake a da.