Kunshin da Na Yi wa Mama

A shekarata ta biyu ina karatun jinya a New York na kama ɗaki a Queens, a gidan wata tsohuwa 'yar Italiya da mijinta ya rasu. Mama nake ce mata. Masifaffiya ce ta gasken gaske, amma duk faɗin garin nan ita kaɗai ke lura idan ban ci abinci ba.

A shekarar ne hannayenta suka fara rawa, har cokali ya gagare ta. Muka ɓoye wa ɗanta, don ya sha faɗa cewa ranar da ta kasa yi wa kanta hidima zai kai ta gidan tsofaffi, ya sayar da gidan. Abin da take tsoro ke nan, fiye da mutuwa. Duk Lahadin da zai zo, ni nake girki da sassafe in kau da sawu, ita kuma ta zauna ta naɗe hannu a cinya.

A bayan gidan akwai wata bishiya da suke kira walnut. Duk ƙarshen Yuni, tun 'ya'yan bishiyar suna kore shar kamar lemun tsami, Mama kan tsinko su ta yanka, ta jiƙa a barasa mai ƙarfi da kanumfari da kirfa da ɓawon lemo, ta ajiye kwalbar a rana kwana arba'in. Tun tana amarya ba ta taɓa tsallake shekara ba. Idan ɗan ya zo bai ga kwalba a taga ba, magana ta ƙare.

Ranar Asabar ta same ni a kicin, ta ce, “'Yata, na san addininki ya hana. Ba sha na ce ki yi ba, haɗa mini kawai za ki yi.”

Ni da ko warin giya ba na so, na ɗauki wuƙa. Na sa safar hannu ta asibiti, don ruwan 'ya'yan yana rina fata baƙi ƙirin. Ina yankawa gida huɗu ina istigfari, tana kaina tana faɗa wai na yi manya, wai ɓawon lemon ya yi kauri. Na tsiyaya barasar ina kau da fuska, na rufe kwalbar na kai taga.

Ina juyowa na tarar tana kallon tafin hannunta, hawaye na zuba.

“Zai gane,” in ji ta. “Tun da na haife shi bai taɓa ganin hannuna fari a wannan watan ba.”

Ga shi gobe zai zo. Na fita a guje na kakkaɓo sauran 'ya'yan, na kankare koren ɓawon, na daka shi ya yi laushi. Daga nan hannuna ya kama aikin da ya sani tun ina 'yar shekara tara a ɗakin innata a Zariya. Na ɗauko filasta na zagaye mata wuyan hannu, na raba kowane yatsa daidai a gaɓa. Na shafa, na lailaye, na ɗaure da leda da tsumma. Ban tsaya na tambayi kaina me nake yi ba. Addu'a kawai nake, Allah Ya sa ya kama.

Ya kuwa kama. Da safe muka kwance, sai ga hannu baƙi sumul, layi ya fita tsaf. Wallahi har daɗi na ji, don ban taɓa yin kunshin da ya kai shi kyau ba.

Ɗan ya zo bayan coci. Ya ga kwalba a taga ya yi dariya, ya girgiza ta, ya ce ashe tsohuwa da sauranta. Mama ta zaro hannayen daga cinya ta miƙa masa, abin da ta yi watanni ba ta yi ba. Ya riƙe su ya juya. Ya bi layin wuyan hannun da babban yatsansa, a hankali, har ya zagayo. Wanda ya yanka abu da wuƙa dabbare-dabbare hannunsa ke yi, ni ma na sani, sai a lokacin na tuna. Hannayen kuwa suna ta karkarwa a cikin nasa.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya dube ni ya ce, “Tun yaushe?”

Na durƙusa a gabansa, na ce zan ajiye karatun, zan yi mata wanka, zan ba ta abinci a baki, ya bar ta kawai. Ya ce in tashi, wannan ba aikina ba ne.

Ranar Alhamis motar gidan tsofaffi ta zo. Mama ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi wa kowa masifa ba. Da na sunkuya ina gyara mata mayafi a kujerar baya, ta ɗora baƙin hannun nan a kumatuna.

“Kin yi shi da kyau da yawa, 'yata,” in ji ta.

Direban ya ce in ja baya zai rufe ƙofa.